PS5, Xbox ko Haɗa Kwamfuta: Wa Ke da Gaskiya a Musun?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Na ɗan tara kuɗi ina son sayen abin buga gem, amma abokaina sun rikita ni. Ɗaya ya ce PS5 ba ta da ta biyu. Ɗaya ya ce Xbox Series X ta fi ta ƙarfi, har ya nuna mini lissafin teraflop. Na uku ya ce duk shirme ne, in haɗa kwamfuta kawai. Da na ce to kwamfutar, sai wani sabon musu ya tashi: Intel ko AMD, Nvidia ko Radeon. Ni dai ƙwallo na fi bugawa, jefi-jefi na harbi, kuma ina haɗa bidiyon biki ina samun na kashewa. Talabijin ɗina ba mai 4K ba ne, wutar unguwarmu kuma ka san halinta. Wa ke da gaskiya a cikinsu?"

Ƙanena, yawwa, barka kadai. In na fahimce ka, tambaya biyu ka ƙulla wuri ɗaya. Ta farko, wace na'ura ce ta fi ƙarfi. Ta biyu, wadda ita ke hana ka barci ko da ba ka faɗe ta haka ba, wacce za ka saya da guminka ba ka yi da-na-sani ba. Abokanka duk ta farkon suke amsa maka. Kuma kowannensu yana riƙe da ɗan guntun gaskiya, shi ya sa musun ba ya mutuwa. Na daɗe ina haɗa kwamfuta, ina buɗe na'urorin wasa ina share su, kuma na lura musun nan bai da maraba da na 'yan Madrid da 'yan Barsa a majalisa bayan la'asar: mutum ya riga ya zaɓi kulob, sannan yake neman hujja.

Musun ya girmi abokanka

A farkon shekarun 2000, Intel da lambar gudu take tallan furosesanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Pentium 4 ya yi ta hawa har ya kai gigahaz 3.8, kowa kuma ya ɗauka wanda ya fi lamba shi ya fi sauri. Sai AMD ta fito da Athlon 64 a 2003, yana tafiya a wajen gigahaz 2, amma a gem yana kayar da Pentium ɗin da ya fi shi lamba nesa ba kusa ba, domin a kowane bugu ɗaya ya fi shi yin aiki. Har AMD ta koma raɗa wa kayanta suna irin 3200+, don mai saye ya daina kallon gigahaz. A 2006 Intel ta jefar da waccan hanya, ta fito da Core 2 Duo mai ƙarancin gudu da yawan aiki, ta karɓe kambunta.

Daga nan AMD ta faɗa irin ramin da ta ga Intel a ciki. A 2011 ta fito da jerin FX tana cewa kawuna takwas ne a ciki, wato sassan da ke yin lissafi, alhali kowane biyu suna tarayya a wasu sassa. Aikinsu bai kai tallansu ba, aka kai ta kotu a Amurka, ta amince a 2019 ta biya dala miliyan 12.1. Kamfanin ya kusa durƙushewa kafin Lisa Su, wadda ta karɓi shugabanci a 2014, ta fito da Ryzen a 2017. A 2024 kuma Intel ce ta sha kunya, lokacin da manyan furosesoshinta na zubi na 13 da na 14 suka riƙa lalacewa saboda wuta ta yi musu yawa, har ta ƙara wa masu su garantin shekara biyu.

Ka ga ke nan wanda ya rantse da Intel a 2003 ya yi kuskure, a 2012 ya yi daidai, a 2024 ya sake shiga uku. Kambun yawo yake yi, mai biyayya ga tambari kuwa yana nan inda aka bar shi.

Lissafin teraflop

Abokinka na biyu bai yi ƙarya ba. Teraflop ma'aunin yawan lissafin da na'ura ke iya yi a daƙiƙa ne. Xbox Series X tana da teraflop 12 da 'yan kai, PS5 tana da 10.28. Ga yadda ake samo lambar: a ɗauki yawan rukunonin lissafi na ɓangaren hoto, a ninka da 64, a ninka da 2, a ninka da gudunsu. Xbox tana da rukuni 52 a gudun gigahaz 1.825. PS5 tana da 36 kacal, amma suna iya kaiwa 2.23. Wato ɗaya ma'aikata da yawa masu tafiya a hankali, ɗaya 'yan kaɗan masu hanzari.

Matsalar ita ce lambar nan tana faɗin iyakar abin da na'urar za ta iya ne in komai ya tafi daidai, kowane rukuni yana da aiki a hannu, babu mai jiran wani. A gem na gaske ba a samun haka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun fitowarsu a Nuwamban 2020, masu auna gem ɗaya a kan na'urorin biyu, irin su Digital Foundry, sun sha nuna cewa bambancin kaɗan ne, wani gem Xbox ta ɗan ɗara, wani PS5 ce gaba. A talabijin irin naka, daga kan kujera, ba za ka gane ba ko an ce ka rantse.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, abokanka biyun nan kan 'yan gida ɗaya suke faɗa. Da PS5 da Xbox Series X, AMD ce ta tsara musu ƙwaƙwalwa: kawuna takwas na Zen 2, ɓangaren hoto na RDNA 2, ram gigabait 16, kuma kamfanin TSMC na Taiwan ne ya ƙera. Uwa ɗaya uba ɗaya. Inda Sony ta bambanta shi ne ma'ajiya. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS5, ya zuba ƙarfinsa a kan SSD mai karanta gigabait 5.5 a daƙiƙa, yayin da ta Xbox ke karanta 2.4, sai dai a lokacin fitowarsu ta Xbox ta fi faɗi.

Tarihi ma bai goyi bayan mai ƙarfi a kullum ba. Wii ta Nintendo ta fi PS3 da Xbox 360 rauni ƙwarai, amma ta fi su kasuwa, ta haura miliyan 100. Switch ɗin Nintendo ta 2017, da ƙwaƙwalwar Nvidia irin ta na'urorin hannu, ta haura miliyan 140. Mutane gem suke bi, da inda abokansu suke.

Furosesa: sitika ba ta aiki

Mu koma kan kwamfuta, inda na fi ganin ana cutar mutane. A kasuwanninmu da zarar an ce "Core i7 ce" sai mai saye ya saki baki. Alhali i7 sunan aji ne kawai, kamar a ce maka mota Toyota ce ba a faɗa maka ta wace shekara ba. Akwai i7-7500U da ke cikin laftof da yawa na hannu, kawuna biyu rak gare shi. Sannan i3-12100, wanda ake rainawa don an ga i3, ya fi tsohon i7-4790 sauri a kusan komai. Lambobin farko bayan sunan su ne zubin, su za ka duba. Ka kuma riƙe wannan: Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar Intel da bai kai zubi na 8 ba, Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Duk wanda ya tallata maka i7 na zubi na 4 ko na 6 da tsada, tsohon kaya yake son sauke maka.

A gem kuma yawan kawuna ba shi ne magana ba. Shida masu kyau sun ishi kusan kowane gem. Abin da ya girgiza masu musu a 2022 shi ne Ryzen 7 5800X3D. An rage masa gudu kaɗan, aka ɗora masa ƙarin ma'ajiyar kusa har ta kai megabait 96, sai ga shi yana gogayya da waɗanda suka fi shi tsada. Dalili kuwa, furosesa yakan ɓata lokaci mai yawa yana jiran bayani ya iso daga ram. In kayan aikin suna gefensa, bai buƙatar aike. Kamar tela ne da zarensa da almakashinsa ke kan teburi, da wanda sai ya tashi ya shiga ɗaki duk sanda zai yanka ƙyalle.

Amma fa duk wannan gasar ta masu neman firem ɗari biyu ce a daƙiƙa. Talabijin na gida yawanci sau 60 yake sauya hoto a daƙiƙa, ko ka ba shi 300, sittin ɗin zai nuna maka.

Katin hoto

Nan ne rabin kuɗin kwamfutar wasa ke tafiya, nan ne kuma talla ta fi yawa. Nvidia ce ke riƙe da mafi yawan kasuwa, kuma ba a banza ba. Tun 2018 da ta fito da jerin RTX ta kawo bin diddigin haske, wanda ke sa inuwa da ƙyalli su yi kamar gaske, da kuma DLSS, inda katin ke zana hoton ƙarami sannan ƙirƙirarriyar basira ta faɗaɗa shi. Manhajojin haɗa bidiyo irin Premiere Pro da DaVinci Resolve ma sun daɗe da sabawa da kayanta. Radeon na AMD, wanda ya samo asali daga kamfanin ATI da ta saya a 2006, yakan ba ka ƙarfi da ram mai yawa a kuɗi kaɗan. Ni kaina Radeon ne a kwamfutar gidana, amma mai aikin bidiyo in ya zo mini, Nvidia nake nuna masa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kada dai ka ɗauka babban kamfani ba ya wasa da hankali. GTX 970 an sayar da shi a matsayin mai gigabait 4, daga baya aka gano 3.5 ne ke gudu sosai, rabin gigabait ɗin da ya rage yana jan ƙafa, har aka biya masu saye a Amurka dala 30 kowanne. A Janairun 2025 shugaban Nvidia Jensen Huang ya tsaya gaban jama'a ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090. Lissafin ya dogara ne kan firem ɗin da katin ke ƙirƙirowa yana cusawa tsakanin na gaske. Hoton zai yi sulɓi, amma saurin amsa maɓallin da ka danna ba ya ƙaruwa da su, kuma a gem na harbi shi ne abin da ke raba mai rai da gawa. A laftof ma haka: wanda aka rubuta wa RTX 4090, ƙwaƙwalwar da ke cikinsa irin ta 4080 na teburi ce, an kuma rage mata wuta.

Wannan duk na manya ne. Namu na ƙasa ya fi muni. Wani yaro ya taɓa kawo mini kati a kwalinsa, fes, an rubuta GTX 1050 Ti, ya same shi a rabin kuɗi yana ta murna. Ya ce da zarar gem ya yi nauyi sai ya fita da kansa. Tun kafin in kunna na ga alama: akwai ramin VGA mai shuɗi a bayansa, ga fanka ƙarama mai rawa kamar ta abin wasan yara. Windows ta karanta shi a 1050 Ti ɗin kuwa. Da na buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan katin hoto, sai lambobin ciki suka ƙi haɗuwa da sunan. Na kwance sukurori huɗu, na goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar da auduga, sai ga lambar tsohon GTS 450 na 2010. An sauya masa suna ne a cikin manhajarsa, ram ɗin da yake iƙirari ma babu shi, shi ya sa yake faɗuwa in gem ya nemi wurin. Yaron ya daɗe yana kallon katin bai ce komai ba. Mai sayarwar kuwa layinsa ya daina shiga. Araha ba ta ado.

Abin da masu musun ba sa sawa a lissafi

Mafi yawan alƙaluman da abokanka ke karantowa an auna su ne a ɗakuna masu sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa, da intanet da ba a ƙirga shi da gigabait. Kai ba a nan kake ba, kuma a ganina wannan ya fi duk wani teraflop nauyi.

Fara da wuta. PS5 tana cin kusan wat 200 in ana tsakiyar wasa. Xbox Series S, ƙaramar, ba ta kai 100 ba. Katin RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne, 5090 kuwa 575, ban da sauran kwamfutar. In inbata ko ƙaramin janareta ne ke riƙe da kai, ka ga inda zancen ya tsaya. Sannan ba ɗaukewar wutar ce ta fi kashe kaya ba, dawowarta da ƙarfi ne da hawa da saukarta. Yawancin matattun kwamfutocin da ake kawo mini, akwatin rarraba wuta ne na banza ya ƙone ya ja bod ɗin suka tafi tare. Mutum zai zuba dukiya a kati, ya sayi akwatin wuta mara suna don ya rage 'yan kuɗi.

Sai zafi da ƙura. Furosesa da katin hoto in sun yi zafi da yawa suna rage gudu da kansu don kada su ƙone. A watan Afrilu, ɗaki yana neman digiri 40, na'urar da ka biya kuɗin ƙarfinta ba za ta ba ka ƙarfin duka ba. Bayan hunturu kuwa layin PS4 nake samu a shago, duk da kuka iri ɗaya: fanka tana ruri kamar jirgi zai tashi. In na buɗe, sai in tarar ƙura ta dunƙule a bakin ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo, ana ɗaga ta da yatsa biyu ta taso gaba ɗaya. A share, a sa sabon man sanyaya, sai ta yi tsit kamar sabuwa. PS5 kuma ka kiyaye wa za ka ba ya buɗe ta can ciki, domin ruwan ƙarfe aka sa mata a madadin man, in ya zuba a kan bod ya gama da ita.

Na ƙarshe data. Manyan gem na yanzu da yawa sun haura gigabait 50, wasu na harbi sun wuce 100, ga sabuntawa da ba ta ƙarewa. Series S ba ta da wurin faifai sam, komai sai an sauke. Arahar da ta yi maka a ranar saye, kamfanin layinka zai karɓe ta a hankali. PS5 mai faifai kuwa za ka iya aro, ka yi musaya, ka sayar in ka gaji. Ka kuma sani buga gem ɗin da aka saya da kuɗi tare da mutane ta intanet yana buƙatar biyan kuɗin rajista a PlayStation da Xbox, a kwamfuta babu wannan.

To, kai fa?

Kalma ɗaya a tambayarka ta fi sauran nauyi: bidiyon biki. PS5 da Xbox ba za su haɗa maka bidiyon amarya ba, cin kuɗi kawai suke yi. Kwamfuta ita ce za ta ci kuma ta kawo.

Don haka in abin da kake aikin bidiyon da shi yanzu yana wahalar da kai, kana kwana kana jiran aiki ya fita, abokinka na uku ya fi kusa da daidai, amma ba irin kwamfutar da yake mafarki ba. Matsakaiciya ta ishe ka. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400, duk kawuna shida ne, duk ba su da cin wuta, ka ɗauki wanda ya fi sauƙi tare da bod ɗinsa ranar da ka shiga kasuwa. In Intel ɗin ne, ka guji mai harafin F a ƙarshe, domin an kashe masa ɓangaren hoto na ciki, wanda ke taimakawa wajen karanta bidiyon kyamara, kuma shi zai riƙe ka ranar da katin ya samu matsala. Ram gigabait 16, in da hali 32. Kati RTX 3060 mai gigabait 12, wat 170 yake ci, ko RX 6600 in aljihu ya yi ƙasa. Akwatin wuta na kirki, da UPS. Duka-duka wajen wat 300 za ta ci in tana aiki sosai, kuma za ta buga maka ƙwallo sumul a talabijin ɗinka.

In kuwa aikin bidiyon yana tafiya lafiya da abin da ke hannunka, wasa kawai kake nema, sayi PS5 mai faifai. Ba don ta fi Xbox ƙarfi ba, ba ta fi ta ba. Don dai a nan ita ce a hannun mutane: faifanta, hannunta, masu gyaranta, da mai saye in ka tashi sayarwa, duk sun fi samuwa. Ƙwallon EA, wadda ta bar sunan FIFA ta koma FC a 2023, tana haɗa masu PS5 da masu Xbox Series da masu kwamfuta a fili ɗaya, amma mai PS4 sai da 'yan ajinsa. Ka tambayi abokan wasanka me suke riƙe da shi kafin ka biya.

Shawarar nan tana da iyaka. Ban sa maka farashi da naira ba da gangan, domin abin da zan rubuta yau dala za ta ƙaryata shi kafin sati. Kuma na gina ta ne kan talabijin ɗin da ka ce kana da shi da wutar da ka kwatanta. In gobe ka sa sola mai ƙarfi ka sayi allo mai 4K, lissafin ya sauya, ka dawo mu sake zama.

In na hannu za ka saya, kada ka aika, je da ƙafarka. Kati, a sa shi a kwamfuta a gabanka, a buɗe GPU-Z, a saka gem mai nauyi ya yi rabin awa kana kallon zafinsa da allon, ko ɗigo-ɗigo masu launi za su fito. PS5 kuma ka girgiza wayar HDMI a hankali ka ga ko hoto zai ɗauke, ka saki sandar hannun ka ga ko ɗan wasa zai yi tafiya shi kaɗai, ka shiga da akawun ɗinka ka tabbata ba a toshe na'urar daga intanet ba. In an ce maka "cike take da gem", tambayi a akawun ɗin wa suke, domin ranar da mai shi ya sauya kalmar sirri, kwaɗo za ka gani a kan kowannensu.